Ƙari a jikin doki da kare: wanne ne mai haɗari?

Idan ka shafa jikin dokinka ko karenka ka ji wani ƙullutu a ƙarƙashin fata, ido kaɗai ba zai gaya maka abin da yake ba. Wani ƙarin kitse ne kawai, ya shekara yana nan ba ya komai. Wani kuma sankara ce mai bin jini ta kai huhu. Sau da yawa kamanninsu ɗaya.

Mu fara da barga. Ƙarin da ya fi yawa a fatar doki shi ne wanda likitocin dabbobi ke kira sakoyid, kuma yana kama jaki da alfadari. Yakan fito a gefen ido, ko kunne, ko hammata, ko cikin cinya, ko inda aka taɓa jin rauni. Wani lokaci kamar makero yake, gashi ya zube, fata ta bushe. Wani lokaci kuma ya zama jan nama mai tsiyayar jini, ƙudaje na binsa. Bincike ya danganta shi da ƙwayar cutar da ke sa wa shanu tsiro a fata, ana kuma zargin ƙudaje da ɗaukarta daga wannan dabba zuwa waccan.

Sakoyid ba ya shiga hanta ko huhu, amma yana da naci. A nan masu dawaki da yawa ke yin ɓarna: a ɗaure shi da zare, ko a yanke da aska, ko a ɗana masa wuta. Abin da ya rage a cikin fata sai ya farfaɗo ya fi na da girma da zafin yaɗuwa. Ko likita ma sai ya yi shiri kafin ya taɓa shi, ya zaɓa tsakanin tiyata, daskarar da shi da sanyi, ko allurar maganin sankara a cikin ƙarin kansa. Idan kuwa ya fito inda majayi ko linzami ke gogawa, dokin ya tashi daga aiki har sai an magance.

Sai farin doki, wanda ake ji da shi ranar hawan sallah. Yawancin irin waɗannan dawaki da duhun gashi ake haihuwarsu, suna girma suna yin fari. A 2008 masu bincike a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka gano cewa canjin ƙwayar gado da ke sa gashin yin fari shi ne kuma ke janyo musu baƙin ƙari mai suna melanoma. Kusan takwas cikin goma na irin waɗannan dawaki suna da shi idan sun wuce shekara 15. Ɗaga wutsiya ka duba gindinta da kewayen dubura, ka duba leɓe da mazakuta. Yawanci a hankali yake girma, amma idan ya taru yakan hana doki yin kashi, wani kuma ya bazu ciki. Cire shi yana ƙarami ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Wata sankarar kuma rana ce ke haddasa ta, a wuraren da fata ba ta da duhu, musamman fatar ido. Idon doki da ke ta hawaye da jan nama a kusurwa ba kullum ƙura ba ce.

Yanzu karnuka. Akwai wata sankara mai ban mamaki da ke yawo tsakanin karnukan da ake saki suna gararamba, irin na unguwa da na farauta. Ta barbara ake ɗaukarta, kuma ba wata ƙwayar cuta ke tsallakawa ba, naman ƙarin ne da kansa yake manne wa ɗayan karen ya ci gaba da girma. Wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Mistislab Nobinski, ya nuna haka tun 1876. Asalinta jikin wani kare ne guda da ya mutu dubban shekaru da suka wuce, har yau ƙwayoyin jikinsa suna raye a karnukan duniya. Alamarta ɗigar jini daga al'aura da wani nama mai saurin fashewa. Duk da munin ganinta, tana cikin masu jin magani: allurar maganin sankara mai suna binkiristin a jijiya sau ɗaya a mako, na 'yan makonni, yawanci takan kawar da ita.

Karya kuma, ƙarin nono ne babbar matsalarta idan ta manyanta, kusan rabinsa sankara ne. Cire mata mahaifa da ƙwai kafin ta fara neman namiji yana rage haɗarin ƙwarai. Manyan karnukan gadi kuwa, ɗingishin da ya ƙi warkewa tare da kumburi kusa da gaɓa na iya zama sankarar ƙashi.

Gwajin farko ba wuya. Likita zai soka siririyar allura ya zuƙo 'yan ƙwayoyi ya duba a madubin likita. Inda abin ya fi ƙarfin asibitin dabbobi na kusa, akwai na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kafin ka je, auna ƙullutun, ka ɗauki hotonsa da waya duk mako, domin abin da likita zai fara tambaya shi ne yaushe ya fito, kuma yaya saurin girmansa.