Jawabin Shugaba kan gardamar sojojin waje da asusun kai gawa gida

Malam Sakatare, ajiye bayanin zaman da ya wuce tukuna. Iyayenmu dattawa, ku yi mini afuwa zan tsallake tsari, akwai maganar da ba za ta jira ba.

Gawar ɗan'uwanmu da Allah ya yi wa rasuwa a watan jiya ta daɗe a ɗakin ajiya fiye da kima. Takardu sun fito a kan lokaci. Kuɗin akwati da na jirgi ne babu a asusu, sai da aka bi mutane ƙofa ƙofa, iyalinsa kuwa suna zaune suna jiran waya. Kowa a ɗakin nan ya san abin da ya busar da asusun. Tun da gardamar sojojin waje ta ɓarke a zauren WhatsApp, wasu 'yan'uwa na Nijar suka ce ba za su ƙara haɗa kuɗi da masu kare Faransa ba, wasu na Najeriya suka ce su ma ba za su haɗa da masu yi wa juyin mulkin Nijar tafi ba. Kowa ya riƙe nasa, mamaci ya kwana a firji a nan Faransa, ƙasar mutane.

Tunda gardamar ce ta riƙe kuɗin, bari mu yi ta yau a fili, ido da ido.

Ga inda na tsaya. Ƙasa ta tura sojanta waje don aiki sananne, na lokaci sananne, ban ga laifinsa ba. Amma ta girke su shekara da shekaru babu ranar komawa, wannan yana cutar da mai masauki, yana kuma cutar da wanda ya tura. Ku dubi Mali. A Janairun 2013 da Faransa ta shiga, aikin a fili yake: a tare masu ɗauke da makamai da suka kai Konna, a ƙwato Gao da Tambutu. An yi cikin makonni, jama'a suka fito suna murna. Da a nan aka miƙa wa sojan ƙasa aka tattara, da labarin ya bambanta. Sai a Agustan 2014 aka mayar da abin sabuwar runduna mai suna Barkhane, aka shimfiɗa shi a ƙasashe biyar, dakaru suka kai 5,100 a 2020. Faransa ta rasa soja 58 a Sahel, ta bar Mali ranar 15 ga Agusta 2022, hare-hare kuwa sun riga sun bazu zuwa Burkina Faso da yammacin Nijar.

Abin da ke lalata irin wannan zama ba a ɓoye yake ba. Sojan Faransa wata huɗu yake yi a fage a canza shi. Kafin ya san wane ƙauye ne ke gaba da wane, wa ke faɗin gaskiya, wa ke kai ƙarar maƙwabcinsa don rikicin rijiya, lokacinsa ya cika, sabo ya zo ya fara daga farko. Shekara tara ta zama wata huɗu-huɗu da ake ta maimaitawa. Sojan gida kuma yana sabawa da jingina. Jirgin leƙen asiri na baƙo ne, jirgin ɗaukar wanda ya ji rauni na baƙo ne, sauraron wayar abokan gaba na baƙo ne. Gwamnati ta daina sayen waɗannan, ta daina horar da masu gyaransu, tunda akwai mai yi. Ranar da baƙon ya tashi sai ramin ya bayyana. Afganistan ta gani: shekara ashirin ana gina mata soja, da 'yan kwangilar da ke gyara jiragenta suka tafi sai jiragen suka fara zama a ƙasa, Kabul ta faɗi ranar 15 ga Agusta 2021.

Ga kuma cikin sansanin, wanda dole a ciyar. Mai, ruwa, harsashi, kayan gyara, duk a mota suke tafiya, daga tashar ruwan Abijan, a ratsa Burkina, a shiga Nijar, a kai Gao. Ayarin da ke ratsa garuruwa kowane lokaci, wata rana sai ya haɗu da fushin mutane. Ya haɗu da shi a Tera ta Nijar a ƙarshen Nuwamban 2021, mutum uku suka mutu. A Bounti ta Mali, ranar 3 ga Janairu 2021, jirgin Faransa ya jefa bam. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce fararen hula 19 ne suka mutu a wurin ɗaurin aure, Faransa ta ce 'yan bindiga ta kashe. Wace kotu ce ta zauna ta raba gardamar a gaban iyalan? A nan ne yarda take mutuwa. Kowace yarjejeniyar girke soja tana da sashen da ke faɗin wanda zai hukunta sojan baƙo in ya yi laifi, kuma shi ne sashen da ya kamata a fara karantawa. A kansa ne Amurka ta kwashe sojanta daga Iraƙi a ƙarshen 2011, da aka kasa daidaitawa kan ba su kariya daga kotunan ƙasar.

Malam Ma'aji, na ga kana duba littafi. Riƙe shi a buɗe, zan dawo kansa.

Na san abin da ɗaya ɓangaren ke cewa, kuma ba maganar banza ba ce. Sojan Amurka kusan 35,000 na Jamus, 28,500 na Koriya ta Kudu, sama da 50,000 na Japan, shekara saba'in da ɗoriya ke nan, ƙasashen ba su rushe ba. Gaskiya ne. Amma ku dubi yadda zaman yake. Akwai yarjejeniya a rubuce da kowa zai iya karantawa. Akwai majalisa zaɓaɓɓiya da za ta iya cewa a tashi, kamar yadda Majalisar Dattawan Filifin ta yi a Satumban 1991 da ƙuri'a 12 kan 11, Amurka ta bar sansanin Subic a shekarar da ta biyo. Sojan gida yana da ƙarfin kansa, barazanar kuma sananniya ce, tana da iyaka a taswira. Duk da haka mutanen tsibirin Okinawa na Japan ba su daina ƙorafi kan sansanonin Amurka ba. To a kwatanta da yarjejeniyar Amurka da Nijar ta 2012, wadda hukumomin Yamai suka ce da takardar diflomasiyya kawai aka ƙulla ta. A kanta aka gina sansanin jirage marasa matuƙi na Agadas da dala miliyan ɗari da wani abu. Da aka kashe sojan Amurka huɗu tare da na Nijar a Tongo Tongo a Oktoban 2017, manyan sanatocin Amurka ma cewa suka yi ba su san yawan sojansu da ke can ba. Mai masauki bai tattauna ba, mai turawa bai lura ba. Ko nan Faransa, tsarin mulki ya ce in aikin soja a waje ya wuce wata huɗu sai an nemi izinin majalisa, amma sau ɗaya ake nema, daga nan sai abin ya yi ta tafiya.

'Yan'uwana na Najeriya, kada ku manta da tarihinku, abin alfahari ne. Yarjejeniyar tsaro da Birtaniya da aka ƙulla lokacin samun 'yanci a 1960, ɗalibai ne suka fito suka ƙi ta, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke ta a 1962. Abin da iyayenku suka ƙi wa kansu, me zai sa ku ga laifin ɗan Nijar don ya ƙi? Kun kuma san ɗaya gefen, domin Najeriya ta tura nata. ECOMOG, rundunar ECOWAS da Najeriya ta jagoranta, ta shiga Laberiya a 1990, ta wuce Saliyo, aka kwashe shekaru ana dawo da gawarwakin 'ya'yan talakawa, kuɗin da ya kamata ya gina asibiti yana tafiya can. Rundunar ECOWAS da ta shiga Gambiya a Janairun 2017 don aikin ɗan lokaci, sabunta wa'adinta aka yi ta yi shekara bayan shekara.

Ku kuma 'yan'uwana na Nijar, na san ciwon da ke ranku. Bayan juyin mulki, Najeriya ta yanke muku wuta, aka rufe iyaka a 2023, iyayenmu suka rasa magani. Amma ba direban tasi na Paris ko mai gadin kanti na Liyon ne ya yanke wutar ba, shi ma danginsa na Katsina da Sakkwato sun sha wahalar rufe iyakar nan. Zan kuma faɗa muku abin da ba ku son ji. Sojan Faransa na ƙarshe ya fita ranar 22 ga Disamba 2023, na Amurka suka gama fita a Satumban 2024, amma tun Afrilun 2024 masu horarwa na Rasha suka sauka Yamai. Tambayoyin da muka yi wa na farko su ne za mu yi wa na biyu: ina takardar, wa ya amince, yaushe za su tafi, wa zai hukunta su? In ba a amsa ba, tuta kawai aka canza. Kuma har yanzu ana kashe mutane a Tillaberi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, zaman da ba a sa wa rana ba da faɗa yake ƙarewa, kuma irinmu ne faɗan ke faɗowa a kai. Da an rabu cikin tsari, kamar yadda Kodebuwa da Senegal suka karɓi sansanoninsu daga hannun Faransa a 2025, da ba mu shiga wannan halin ba. Dubi abin da ya same mu. Air France ta daina zuwa Yamai tun Agustan 2023. Ofishin jakadancin Faransa a can ya rufe a farkon 2024, tsohuwar da ke son zuwa ganin jikokinta sai ta ƙetare iyaka kafin ta nemi biza. Gawa kuwa yanzu sai ta bi ta Kasablanka, ko Istanbul, ko Addis Ababa, ta jira jirgi na biyu mai gurbin kaya. Kowane kwana a ɗakin ajiya kuɗi ne. Kafin ta tashi sai an sami takardar shaidar mutuwa daga ofishin magajin gari, da takardar likita cewa babu cuta mai yaɗuwa, da izinin fitar da gawa daga ofishin firefe, wato wakilin gwamnati a yanki, da amincewar ofishin jakadancin ƙasarmu, sannan akwati mai rufin ƙarfe da aka liƙe, wanda babu jirgin da zai ɗauka in ba shi. Kamfanin jana'iza ba ya fara aiki sai ya ga kuɗi ko tabbacin kuɗi. Wato a daidai lokacin da hidimar ta ƙara tsada, a lokacin ne muka zaɓi mu daina biya.

Don Allah, don Annabi, ku dubi wannan. Wanene a cikinmu ba ya kwana da tunanin inda za a binne shi? Wanene ba ya fatan a ce 'yan'uwansa ne suka sallace shi, mahaifiyarsa ta san inda kabarinsa yake? Mun baro gida, mun sha sanyi, mun yi aikin da ba mu taɓa zaton za mu yi ba, abin da muka gina da hannunmu a ƙasar nan shi ne asusun nan. Ba Macron ne ya zuba masa ko sisi ba, ba Tiani ba, ba Tinubu ba. Ranar da mutuwa ta same ka, Ma'aji ba zai tambayi ra'ayinka kan sansanin Agadas ba, layin sunanka zai duba. Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa cika alkawari a littafin nan, ku taya mu yi wa mazan magana a gida. Dattawa, ku kira waɗanda suka fice daga zaure ɗaya bayan ɗaya, muryarku ta fi tawa nauyi a wurinsu. Mai bashin wata shida ko fiye, ya ga Ma'aji kafin ya fita, za a raba masa biya kashi uku. Wanda ba ya aiki ya faɗa a asirce, ba za a karanta sunansa ba. Gardamar soja kuwa a ci gaba da yin ta, amma duk wanda ya kira ɗan'uwansa bawan Turawa ko karen soja, kwamiti zai cire shi daga zaure na wata guda.

Sauran bayanai a gurguje. Masu katin zama da ya kusa ƙarewa, ku shigar da buƙatar sabuntawa tsakanin wata huɗu zuwa wata biyu kafin ranar, rikicin gwamnatoci bai taɓa katinku ba amma makara tana da tara. Ajin Hausa na yara ya koma ranar Asabar da safe, ana neman malama ɗaya. An sabunta hayar ɗakin taro. Rahoton masu binciken kuɗi yana kan tebur, mai so ya ɗauka. Malam Sakatare, bismillah, karanta bayanin zaman da ya wuce.