Darasi: Yadda gwara ke zaman unguwa da tazarar da ke tsakanin sheƙunansa

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau a kan gwaran gida za mu yi magana, wanda masana ke kira Passer domesticus.

Ku ɗaga kai ku dubi ƙarƙashin rufin ginin nan. Kun ga busasshiyar ciyawa tana leƙowa daga rami? Sheƙa ce. Ku matsa ido gefe kaɗan, ga wata, ga kuma wata can kusa da bututu. Haka gwara yake, ba ya son zaman kaɗaici. Inda ɗaya ya samu mafaka, sai 'yan uwansa su biyo shi, kafin ka ankara an kafa unguwa.

Amma ku lura da wani abu, shi ne ya fi burge ni. Tsuntsaye da yawa, namiji kan kama fili mai faɗi ya hana kowa shiga. Gwara kuwa bakin raminsa kawai yake karewa. Namijin, wanda za ku gane da baƙin tabo a maƙogwaro, shi ke fara samun ramin, ya tsaya a bakinsa yana ta kuka har mace ta zo. Wani namiji ya kuskura ya leƙa, sai faɗa. Amma da sun sauko ƙasa, tare suke tsintar hatsi, tare suke wankan ƙura, kamar ba abin da ya faru. Kai, har satar gashi da ciyawa suke yi daga sheƙar juna!

Macen kan sa ƙwai 4 zuwa 5, a yi kwanci kwana 11 zuwa 14, 'ya'yan su tashi bayan kamar mako biyu. A shekara ɗaya sukan yi haka sau biyu ko uku, galibi a sheƙa guda.

To, mai son ya yi musu akwati fa? Ga ɗaya a hannuna. Faɗin ƙofar milimita 32 ne, daidai jikinsu. Ka kafa shi sama da mita 2, a inuwa, inda rana ba ta dukansa kuma kyanwa ba za ta kai ba. Kada ka kafa ɗaya tak, ka jera uku ko huɗu. Ana sayar da wani dogon akwati mai ɗaki uku a manne, amma sau da yawa ɗaki ɗaya kawai suke shiga, sauran su zauna wayam, don ƙofofin sun yi kusa da juna. Ni shawarata, ka raba akwatunan, ka bar ko da kamu ɗaya ko biyu tsakaninsu, ta yadda kowane namiji zai tsaya bakin nasa ba tare da kafaɗarsa ta gogi ta maƙwabci ba.

Bari in juyo da kyamara ku ga yadda na kafa nawa.