Fodkas: Daga Gangunan Koko Zuwa Gubar Bagega

Hadiza: Jama'a, barkanku da warhaka. Yau muna tare da Malam Sani da Aminu, kan dokokin kare muhalli a Najeriya. Malam, ina za mu ɗauko zancen?

Malam Sani: A Koko, Hadiza. Wani ƙaramin gari ne mai tashar jiragen ruwa a jihar Delta ta yanzu. A 1988 aka gano an jibge dubban gangunan shara mai guba, daga Italiya, a filin wani mutum da ake biyansa haya kamar dala 100 a wata. Bawan Allah bai san abin da ya ajiye ba. Wasu gangunan har sun fara yoyo cikin zafin rana.

Aminu: Ranka ya daɗe, lokacin babu doka ke nan?

Malam Sani: Babu wata tsayayya. Sai da abin ya fashe a jaridu, gwamnatin Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta tilasta aka kwashe kayan. Kafin shekarar ta ƙare aka yi dokar soja mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai shigo da irin wannan shara, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA. A 2007 NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, ta gaje ta.

Hadiza: Amma Malam, ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne sashe na 20 na tsarin mulkin 1999. Ya ce gwamnati ta kare ruwa da iska da ƙasa, amma yana babi na biyu, wanda ba ka iya kai gwamnati kotu a kansa kai tsaye.

Malam Sani: Shi ya sa lauyoyi suka bi ta bayan gida. A 2005 wani mutumin yankin Neja Delta, Jonah Gbemre, ya kai kamfanin mai na Shell babbar kotun tarayya a Benin, ya ce ƙona iskar gas kusa da garinsu tauye masa haƙƙin rayuwa ne. Kotu ta ba shi gaskiya.

Aminu: Aka kashe wutar?

Malam Sani: Ina! Aka ci gaba da ƙonawa.

Hadiza: Mu dawo gida. Zamfara, 2010.

Aminu: Wannan kam na tuna. A Anka da Bukkuyum, ana kawo duwatsun zinariya cikin gida, a niƙa su da injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ashe dalma ce cike a ciki. Yara aƙalla 400 suka rasu.

Malam Sani: Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ce maganin gubar ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma kan gurɓatacciyar ƙasar gidajen nan. A ƙauyen Bagega da ke Anka, sai 2013 aka sako kuɗi aka fara kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa.

Hadiza: Shekara uku, Malam?

Malam Sani: Uku cif. Aminu, duba mana saƙonnin masu sauraro.