Yaron da ba ya iya nuna inda ke masa ciwo

Assalamu alaikum. Iyaye da malaman jinya, sannunku da zuwa.

Larurar da za mu yi magana a kai likitoci suna kiranta firajayil X, wato X mai rauni. Gadonta ake yi. A jikin ƙwayar halittar X, ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado da ke bambanta namiji da mace, akwai wani sashe mai suna FMR1, wanda aka gano a 1991. A cikinsa akwai haruffa uku, CGG, da ke maimaita kansu. A yawancin mutane maimaicin bai wuce 44 ba. In ya haura 200, sai sashen ya yi shiru, ya daina samar da furotin ɗin da ƙwaƙwalwa ke buƙata. Abin ya fi tsanani ga maza, don X ɗaya gare su, mace kuwa tana da ta biyu da za ta rufa mata asiri.

Kowa ya san larurar tana zuwa da jinkirin magana da wahalar koyo, a wasu yaran ma har da galahanga. Ni jikin yaron nake so mu duba yau.

Mu fara da kunne, don nan na fi ganin ana sakaci. Yaran nan jijiyoyi da naman da ke riƙe gaɓoɓinsu a sake suke, har da ƙaramin bututun da ke fitar da ruwa daga cikin kunne zuwa maƙogwaro. Ruwa ya taru, ciwo ya zo, a sha magani, bayan ɗan lokaci ya dawo. To ku duba: yaron da dama maganarsa a baya take, ga shi kuma yana jin sauti kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ta ina zai koyi kalma? Kuma ba zai ce "Mama, kunnena" ba. Sai dai ya ciji hannunsa, ya buga kai, ya hana kowa barci. Mu kuma mu ce halin larurar ne. Sau da yawa ba hali ba ne, ciwo ne, kuma mai magani. Haka ƙwannafi da yawan tumbuɗi a jarirai, da taurin bayan gida.

Sai farfaɗiya. Tana samun wasu daga cikinsu, musamman maza, kuma ba kullum take zuwa da faɗuwa da kumfa ba. Wani sai dai ya ƙura ido na ɗan lokaci, ka kira shi bai amsa ba. Yawanci tana jin magani, da yawa kuma tana barinsu kafin su girma.

Harara-garke, a kai shi likitan ido da wuri, kada ganin idon ɗaya ya raunana saboda rashin amfani da shi. Shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa da gaɓoɓi masu lanƙwasuwa fiye da kima ba su cika zama matsala ba. Girman 'ya'yan maraina bayan balaga, wanda ke tayar wa iyaye hankali, alama ce ta larurar, ba ciwo ba.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, Hajiya, muna jin ki.