Jawabin Maraba ga Mai Girma Madawaki a Ranar Baje Kolin Dawakin Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai Girma Madawaki, babban baƙonmu na yau, Allah ya ja zamaninka. Mai Girma Hakimi, uban ƙasa, ranka ya daɗe. Dagatai da masu unguwanni, liman da malamanmu, likitocin dabbobi, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, 'yan'uwana masu dawaki, da 'yan muri waɗanda tun asuba suke wanka da taje geza, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin ƙungiyarmu ta masu kiwon dokin gida, ina yi wa Mai Girma barka da zuwa, sannu da hanya, sannu da ƙura. Da muka zauna shawarar wanda za mu gayyata, gardamar ba ta yi nisa ba. Wani dattijonmu ya ce ai sarautar Madawaki asalinta uban dawaki ne, don haka ba gayyata za mu aika ba, ƙara za mu kai, cewa 'ya'ya sun daɗe ba su ga ubansu ba. To ga shi uba ya zo. Waɗannan da ke ɗaure a turaku suna haniniya, ranka ya daɗe, gaisuwa suke yi.

Ba zan ɓata lokaci ina gaya wa Madawaki darajar doki ba, kada in zama mai koya wa kifi iyo. Liman ya riga ya karanta mana Suratul Adiyat, ya kuma tuna mana hadisin da ya ce alheri a ƙulle yake a makwarkwaɗar doki har tashin alƙiyama. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kananeji, wajen shekarar 1400, ake sa wa dawaki lifidi a ƙasar Hausa. An yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a Kaduna a 1956, an sake yin wani a can lokacin bikin al'adun baƙar fata na Festak a 1977, sannan a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Duk mun ji daɗi, mun yi murna.

Sai dai akwai abin da mai kallon hawa ba ya lura da shi. Ko Hawan Daushe ne a Kano, ko Hawan Bariki a Katsina, ko Hawan Magajiya a Daura, ka tsaya ka ƙirga dawakin da ke wucewa: ingarmu ne kusan kaf. Ba mai fitowa gaban Sarki a kan goɗiya, dariya za a yi masa. Kowa ingarma yake so, ƙato, mai wuya, mai takama. Amma ingarma daga cikin goɗiya yake fitowa, kuma goɗiyar ba mai son ciyar da ita.

Lissafin a fili yake. Goɗiya tana ɗaukar ciki wata 11. In ta haihu, duƙushin ba ya isa a ɗora masa sirdi sai ya kai shekara 3, in dai ba so ake a karya masa baya ba. Wato shekara 4 mutum yana sayen harawa da dusa da kanwa kafin ya ga abin hawa. Wanda yake da kuɗi sai ya ce ina dalili? Ya tafi Maigatari ran Alhamis, ko Mai'adua ran Lahadi, ya zaɓi wanda aka kawo daga Nijar ko Chadi, a jawo masa har gida. Talakan ƙauye kuwa, wanda dama shi ne yake riƙe da goɗiya a bayan ɗaki, da rani ya tsananta sai ya kai ta kasuwa. A kasuwar kuma ba mai kiwo ne ke jiranta ba. Masu babbar mota ne, waɗanda ke loda dawaki da jakuna su yi kudu da su, a yanka. Na tsaya da kaina na ga an tura goɗiya mai ciki cikin mota, na yi tayi, kuɗina bai kai ba. Ranar ban iya cin abinci ba.

Mun ga yadda jaki ya koma a ƙasar nan. Garin da a da kowane gida yake da shi, yau sai ka yi yawo kafin ka samu na aro. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Wannan ne ya tara mu. Mu kaɗan ne a farko, a zauren wani daga cikinmu, bayan sallar isha, kuma sharaɗin shiga guda ɗaya muka sa: ko ingarma nawa gare ka, sai ka riƙe goɗiya ko da ɗaya, ko ku haɗa hannu ku biyu ku riƙe ta. Wasu manyan mahaya sun ji sharaɗin sun kaɗa riga sun tafi. Ba mu riƙe su a zuci ba, wasunsu ma ga su nan zaune, sun dawo.

Wani zai ce me ya sa sai dokin gida? Ranka ya daɗe, ba mu da gaba da dokin kowa. Masu ƙwallon dawaki suna kawo na Ajantina, kuma duk wanda ya ga yadda suke juyi a fili ya san kuɗinsu bai tafi banza ba. Amma a tuna cewa lokacin da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya kafa wasan folo, wato ƙwallon dawaki, a ƙasarsa, da dawakin nan namu aka fara, kuma a kansu ɗansa Sarki Usman Nagogo ya koyi wasan da ya yi suna da shi. Dokinmu jini biyu ya haɗa. Akwai wanda ya gangaro daga arewacin Afirka ta Azbin, gajere, mai taurin kofato. Akwai kuma wanda ya biyo ta Barno daga Dongola ta ƙasar Sudan, dogon ƙafa, mai lanƙwasasshen karan hanci. Ɗaruruwan shekaru suna cuɗanya a cikin zafin nan da ƙurar nan har suka zama abin da suka zama. Yana yini a rana ranar hawa da kaya niƙi-niƙi, ya dawo ya ci harawar wake ya kwanta. Ba ya neman fanka, ba ya neman takalmin ƙarfe. In jininsa ya ɓace, babu kasuwar da za a je a sayo shi.

Babban aikinmu shi ne littafin da ke kan teburin nan gaban Mai Girma. Duk duƙushin da aka haifa a gidan ɗan ƙungiya, magatakarda zai je ya rubuta ranar haihuwarsa, da uwarsa da ubansa, da launinsa, ko kili ne ko akawal, bidi ko hurde, gunya ko danda, da farin da ke goshi da ƙafafu, a ɗauki hotonsa da waya ta gefe biyu. Da farko mutane sun ɗauka haraji za a sa musu, har wani ya ɓoye duƙushinsa a ɗakin matarsa. Yanzu su suke kiran magatakarda tun mabiyiya ba ta faɗi ba. Littafin ya hana mu haɗa uba da 'yarsa cikin rashin sani, abin da a da yake ba mu 'ya'ya raunana muna cewa iska ce. Ya kuma rage rantsuwa a wajen ciniki. Dillali ya ce maka doki shekararsa 4, kai kuma ka buɗe baki ka ga haƙoran manya sun gama fitowa tuntuni, ka san ya wuce 5; to in na gida ne, ba sai an kai ga buɗe baki ba, a buɗe littafi.

Ingarmun da muka yarda da su don barbara, kwamitin dattawa ne ke zaɓa, kuma ba kyau kaɗai suke dubawa ba. Doki mai cizo ko mai harbi, ko ya kai wata kyau, ba ya shiga. An yi fushi da mu a kan wannan, domin faɗa wa mutum dokinsa ba shi da hali ya fi faɗa masa ɗansa ba shi da hali zafi.

Sai batun ci. Da kaka, lokacin da harawa take arha, muna yin adashe mu saya da yawa mu jibge a rumbu, a raba da bazara sa'ad da ɗaurinta ya fi ƙarfin talaka. Wannan adashen ya hana goɗiya fiye da ɗaya hawa motar kudu. Iyayenmu mata ne ke riƙe da kuɗin, don mun gwada riƙewa da kanmu, ba sai na faɗi yadda ta kaya ba.

Game da lafiya, mun sha wuya kafin mu yi hankali. Ni kaina na rasa goɗiya, bikili, wadda ta ba ni 'ya'ya uku, saboda allurar da na saya a hannun wani mai yawo da jaka ran kasuwa. Da la'asar aka yi mata, kafin asuba ta mutu. Tun daga nan muka yi doka, ba mai soka wa doki allura sai likita. Sau biyu a shekara muna tara dawaki a filin nan a ba su maganin tsutsar ciki, a duba kaska, a gyara kofato. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ciwon nan na damina da ƙananan ƙwari masu cizo da magariba suke yaɗawa, wanda doki zai kumbura a saman ido, numfashi ya gagare shi, kumfa ta riƙa fita ta hanci. Abin da muka iya shi ne shigar da su barga da wuri da turara hayaƙi. Da murar dawaki da jakuna ta ɓarke a Sakkwato a ƙarshen 2018 ta bazu, mun hana kowa shigo da sabon doki cikin garke sai ya yi makonni a keɓe, Allah kuma ya tsare mu.

Ba aiki kaɗai muke yi ba. Ran Juma'a bayan la'asar muna fita kilisa ta bayan gari, a dawo a sha fura a zauren wanda layi ya zo kansa. Bayan girbi muna sukuwa, kuma mun ware tsere guda na goɗiyoyi zalla. Shekarar farko 'yan kallo ihu suka yi ta yi mana, yanzu shi ne tseren da ake jira. In ɗan ƙungiya zai aurar, mu ne 'yan rakiya. In an yi masa rasuwa, mu ne a kan tabarma, kuma wani zai ɗauki nauyin dawakinsa har a share makoki. Baduku mai linzami da ragama, maƙeri mai likkafa, mai ɗinkin jalala da ɗan ƙirji, duk 'yan ƙungiya ne ko da ba su da ko kofato, don in ba su ba, da igiya za mu hau.

Yara kuwa, ran Asabar suke zuwa. Yaro ba ya taɓa sirdi sai ya yi wata guda yana kwashe kashi, yana ɗebo ruwa, ya iya ɗaura dabaibayi, ya san in majayi ya yi sako-sako. Muna tsananta wannan ne saboda abin da ke faruwa a hawan angwanci, inda matasa ke hayar doki su yi ta zabga masa bulala a kan kwalta cikin ababen hawa, su take mutane, su dawo da dabba jina-jina. Mutanen gari suna ganin haka su ce masu dawaki ne. Ba mu ba ne, amma ba za mu wanke hannu ba, domin dokin daga wani turke aka kwance shi. Duk ɗan ƙungiyar da ya ba da hayar dokinsa ga irin wannan, sunansa yana fita daga littafi.

Ranka ya daɗe, ba a tarbar uba a rasa kuka. Namu uku ne. Filin nan da muke tsaye a kai aro ne, kuma kowace shekara gine-gine suna matso shi. Muna roƙon a sa baki a yanka mana wuri na dindindin, da makiyaya ko ƙarama ce, inda goɗiya za ta sake da ɗanta. Muna roƙon a taya mu ƙwanƙwasa ƙofar ma'aikatar dabbobi da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda take aiki tun 1924, a kan rigakafin ciwon damina, ya riƙa iso mana kafin ruwa ya sauka. Na ukun ya fi su nauyi, shi kuma ba ya cin ko sisi. In Shamaki zai ƙara dawaki a bargar fada, a fara leƙa littafinmu kafin a tafi kasuwa. Ranar da aka ga basarake ya fito hawan Salla a kan dokin da aka haifa a ƙasarsa, maroƙa suka faɗi sunan garin da aka haife shi, ranar kowane mai hali zai fara neman goɗiya. Mun san linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, shi ya sa muka kawo maganar inda za ta iya shiga.

Akwai duƙushi akawal, mai farin goshi da farar ƙafa ɗaya, ga shi can yaro yana riƙe da shi. Uwarsa tana cikin waɗanda adashen harawa ya tsayar a gida, kakarsa ma tana cikin littafi. 'Yan ƙungiya sun ce in miƙa shi ga Mai Girma, da takardar asalinsa. Roƙonmu kawai kada a hau shi sai baɗi waccan, kuma in ya isa, a riƙa ba mu aronsa lokacin barbara.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara, ya ja zamanin Madawaki, ya mai da kowa gidansa lafiya. Yanzu, in Mai Girma ya ba da izini, za mu taka zuwa turaku. Za mu fara ta layin goɗiyoyi, sannan yara su yi jafi, sai a dawo rumfa a ci abinci kafin sukuwa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.