Kyamarar farko: DSLR ko 'yar aljihu?

Assalamu alaikum jama'a. Ga kyamara biyu na ajiye kan tabarma. Wannan ƙatuwar ita ce DSLR, irin wadda ake iya kwance wa gilashin gaba a ɗaura wani. Wannan kuma da ba ta fi sabulun wanka girma ba, 'yar aljihu ce, saiti ɗaya sai dannawa.

Bari in kwance gilashin babbar. Kun ga ɗan madubin nan na ciki? Shi ke tura haske zuwa ramin da ake leƙawa. Da an danna sai ya ɗage, hasken ya sauka kan sensa, wato farantin da ke kama hoton. To, a nan suka rabu. Sensar DSLR irin Nikon D3500 faɗinta milimita 23.5 ne, ta yawancin 'yan aljihu kuwa wajen 6 ce. Babbar sensa ta fi tara haske, shi ya sa a wurin kamun amarya da daddare, ƙwan janareta na lumshewa, babbar za ta fito da fuska fes, ƙaramar ta ba ka hoto mai yashi-yashi.

A ce kana bakin Matan Fada a Argungu, masunta sun afka ruwa da homa da gora, wani ya rungumo giwan ruwa. DSLR na ɗauka nan take, 'yar aljihu mai araha kan yi ɗan jinkiri har kifin ya juya. Sai dai gilashin da ke zuwa da babbar, wanda ake kira 18-55, ba ya janyo nesa, sai ka ƙara kuɗi ka sayi mai janyo nesa, wato 70-300. Kuma kada ka kuskura ka canza gilashi a fili lokacin hunturu, ƙura ta shige sensa, kowane hoto ya fito da ɗigo.

Batirin D3500 na ɗaukar hoto wajen 1,550 a caji ɗaya. Da irin wutarmu, ai wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni dai a ganina, in hoton Sallah da na yara kawai kake so, wayarka ta riga ta ƙwace wa 'yar aljihu aiki. In sana'a za ka koya, nemi DSLR ta hannu, Canon 2000D ko D3500 ɗin nan. Ka tambayi mai ita sau nawa aka danna ta, sannan ka ɗauki farin bango ka duba ko akwai ɗigo, kafin ka ƙirga masa kuɗi.