Kiɗan sintesaiza a dandamali: mutum ke kaɗawa ko inji?

Akwai wani tsohon bidiyo na mutum uku suna kiɗa a dandamali. Ba mai ganga a cikinsu, ba mai waƙa, ba wanda ya ko ɗaga kai ya dubi jama'a. Kowa ya duƙufa kan akwatinsa, wayoyi sun yi caɓa-caɓa, kiɗa na ta kwarara, amma yatsunsu ba sa tafiya daidai da abin da kunne ke ji. Shi ya sa kusan duk wanda ya ci karo da wannan bidiyo tambayarsa ɗaya ce: anya ba kaset suka kunna suka tsaya suna yi wa mutane wasa da hankali ba?

Ƙungiyar Tangerine Dream ce ta Jamus, a babbar majami'ar Coventry da ke Ingila, cikin Oktoban 1975. Mutanen uku su ne Edgar Froese, Christopher Franke da Peter Baumann. Kuma mai zargi bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin sautin da ke kan wannan fim ba na daren ba ne. Masu haɗa fim ɗin ne suka ɗauko kiɗan faifan ƙungiyar mai suna Ricochet suka ɗora a kan hotunan. To ina hannu zai dace da sauti? Amma abin da mutanen da ke zaune a majami'ar suka ji, nan take aka ƙirƙire shi a gabansu.

Tarihin a gurguje. A 1964 wani Ba'amurke, Robert Moog, ya fito da na'urar da ke samar da sauti daga wutar lantarki zalla, wato sintesaiza. Ba tsirkiya, ba fata, ba busa. Akwai sashen da ke haifar da sautin, akwai mataci da ke rage masa kaifi, akwai mai ƙara masa ƙarfi ko rage shi, kuma da waya ake haɗa wannan da wancan. Ka ƙara ƙarfin lantarki, murya ta hau. Ka rage, ta sauka. Shi ke nan, ku riƙe wannan kawai.

Yanzu ga wurin da ake ruɗewa. 

A jikin akwatin akwai wani allo da ake kira sikwensa, na'urar jera sauti. Yana da maɓallan murɗawa: takwas a jere, layi uku. A saman kowane ginshiƙi akwai ɗan fitila. Hasken yana tsalle daga na ɗaya zuwa na biyu har na takwas, sannan ya dawo farko. Duk maɓallin da haske ya tsaya a kansa, shi ne ke faɗa wa na'ura irin ƙarfin lantarkin da za ta aika, wato muryar da za ta fita. Takwas, a dawo. Takwas, a dawo. Wannan dum-dum-dum ɗin da ke gudu a ƙarƙashin kiɗan, wanda ke sa mutum gyaɗa kai bai sani ba, daga nan yake fitowa.

Babu sautin da aka naɗa a cikin wannan akwati. Ko ɗaya. Abin da ke ciki matsayin maɓallai ne kawai, kuma mutum ne ya murɗa kowanne da hannu, yana saurare da kunne har ya zauna daidai. In yana son wani salon daban, babu wurin da ya adana shi da zai danna ya fito. Sai dai ya sake murɗawa, kiɗa na tafiya, dubban mutane na ji.

Kamar keken ɗinki ne. Allura na hawa da sauka da kanta, amma ba wanda zai ce keke ne ya ɗinka rigar.

To me makaɗin ke yi da hannunsa? A ƙasan kowane ginshiƙi akwai ɗan makunni. Yana juya shi, haske ya tsallake wannan mataki. Takwas ta koma bakwai. Ya juya wani, ta koma shida, ko biyar, kuma tafiyar kiɗan gaba ɗaya ta sauya, inda kake sa ran bugu ya sauka sai ya zo da wuri. Franke gwani ne a wannan, har ta kai ana cewa kaɗa sikwensa yake yi kamar yadda wani ke kaɗa jita. Ga yadda abin yake a kunne. Takwas. Yanzu bakwai. Sai ka ji kiɗan ya ɗan yi ɗingishi, sannan ya miƙe.

Ɗaya hannun kuma yana kan madannai. Ya danna guda ɗaya tak, jerin duka ya ɗaga sama ko ya sauka. Mai kallo daga nesa yatsa ɗaya ya gani ya motsa, alhali kuwa kiɗan ne dukansa ya sauya mazauni. Sai matacin: a buɗe shi a hankali, sautin da ya fara a dushe kamar daga ƙarƙashin ƙasa ya riƙa washewa har ya yi tsini. Wani lokaci minti biyar ake ɗauka ana wannan murɗawa guda. A ido ba komai, mutum ne kawai riƙe da maɓalli ya sunkuyar da kai.

Akwai tef a dandamalin, kada in ɓoye muku. Faya-fayan da ke juyawa a bayan makaɗan rikoda ce, amma aikinta amsa-kuwwa: sauti ya shiga, ya dawo bayan ɗan lokaci kaɗan, sai muryoyi takwas su zama kamar goma sha shida suna bin juna. Akwai kuma wani mai kama da ƙaramin fiyano, sunansa Mellotron. Kowane madanni da guntun tef ɗinsa na sarewa ko goge ko muryoyin mutane, kuma daƙiƙa takwas kacal yake yi ya ƙare. In kana son dogon sauti dole ka ɗaga yatsa ka sake dannawa. Wahala ce tsagwaronta.

Ga kuma halin na'urar kanta. Ba ta son zafi, ba ta son sanyi. Da ta ɗumama sai saitin murya ya fara zamewa. Faifan Tangerine Dream mai suna Phaedra, wanda suka naɗa a Ingila ƙarshen 1973 ya fito a 1974, in kuka saurari ƙarshen dogon kiɗan farko za ku ji muryar tana ta hawa. Na'ura ce ta yi zafi ta kauce, suka bar shi haka. Faifan ya kai na 15 a jerin waɗanda aka fi saya a Birtaniya. Ku yi tunanin wannan na'ura a majami'ar dutse cikin hunturu, sannan a haska mata fitilun dandamali.

Na taɓa tsayawa dab da wani makaɗi a ƙaramin zaure, kusa har ina ganin fitilun suna gudu a gilashin idonsa. Mataki na biyar ya kauce. Duk zagaye in haske ya iso nan sai ka ji abu ya ɗan yi tsami. Bai tsayar da kiɗan ba. Ya ɗora yatsu biyu a kan maɓallin, ya jira haske ya zo, ya murɗa kaɗan, ya jira ya sake zagayowa. Ya zarce. Ya dawo da shi baya. A zagaye na gaba ya zauna cif, sai wani a bayana ya saki ihu shi kaɗai, mutane suka yi dariya. Shi makaɗin ko murmushi bai yi ba, ya riga ya koma kan matacin.

Wannan ne ya sa mu masoya irin wannan kiɗa muka zama mahaukatan tara kaset. A shekarun 1974 da 1975 Tangerine Dream kan hau dandamali ba tare da jerin waƙoƙi ba, a fara, a ga inda za a ƙare. Wasan da suka yi a majami'ar Reims ta Faransa ranar 13 ga Disamba 1974, inda a da ake naɗa sarakunan ƙasar, jama'a sun cika har sun yi yawa, aka ɓata wurin, shugabannin cocin suka fusata. Kiɗan wannan dare ba su sake yin irinsa ba, domin ko sun so ba za su iya ba. Saboda haka duk wanda ya shiga da ƙaramar rikoda a cikin riga, ya fito da abin da babu shi a kanti. Kaset ɗin da suka zo hannuna kwafin kwafi ne, shuuu ɗin tef ya kusa fin kiɗan ƙarfi, ga tarin wani bawan Allah a kusa da makirfo, ga giɓi a minti na arba'in da biyar inda mai naɗa ya juya kaset. Kullum a daidai wurin da kiɗa ya yi daɗi yake juyawa, ban san dalili ba. Amma ka sa na daren Talata ka sa na Alhamis, ba su ko yi kama ba.

Daga baya abubuwa sun sauya, a nan ne mai zargi ya sami abin kamawa. A 1978 aka fito da Prophet-5, sintesaiza mai iya adana saiti. A 1983 tsarin MIDI ya zo, na'urori suka fara magana da juna, kwamfuta ta iya riƙe kiɗa daga farko har ƙarshe. Wasanni kuma suka kumbura. Makaɗin Faransa Jean-Michel Jarre ya tara kusan mutum miliyan ɗaya a Paris a 1979, a Mosko kuma a 1997 aka ƙiyasta miliyan uku da rabi. Inda wutar ado da hasken leza za su tashi a daƙiƙa ɗaya da bugu, dole a tsara abubuwa da yawa tun kafin a hau. Abin kallo ne na gaske, ba na raina shi, amma ni dai na fi son zauren da abu zai iya lalacewa.

A yau wanda ke tsaye bayan laftof zai iya kasancewa yana aiki tuƙuru, zai iya kasancewa yana duba saƙonninsa, ido ba zai gaya muku ba. Ku nemo naɗin wasansa na dare biyu daban, ku sa su gefe da gefe, ku duba tsawon kowane kiɗa da inda jerin ya juya. In har sun yi daidai zuwa daƙiƙa, inji ne ya ja ragamar daren.